SAKATAR FAMFON FETUR: A BAR TA KO A CIRE?

Duk wanda ya taɓa lura da aikin mai sayar da fetur ya san akwai wata 'yar sakata a hannun kan tiyo. In ya zura kan tiyon cikin tankin mota ya matsa kunamarsa, sai ya tura sakatar nan ta riƙe, ya saki hannunsa, mai ya yi ta kwarara har tanki ya cika. Ƙarfe ne wanda bai kai tsawon yatsa ba, amma hukumomin kashe gobara na ƙasashe da dama sun daɗe suna gardama a kansa, waɗansu sun hana, waɗansu sun yarda. Mu dai a ganinmu a bar ta, amma bisa sharaɗi.

Da farko ya kamata a san abin da ke tsai da man, domin ba idon mai sayarwa ba ne. Kusa da bakin tiyon akwai wata 'yar huda wadda ke shaƙar iska muddin mai na gudu. Da zarar mai ya taso ya toshe hudar, iska ta yanke, sai zuƙar ta ja wata 'yar fata da ke cikin hannun, ta saki kunamar, a ji ƙas, mai ya tsaya. Wannan dabara tana aiki ko an sa sakata ko hannu ne ke riƙe. Watau sakatar ba ta rage kome daga tsaron da maƙera suka tanada ba, in dai kayan lafiyayyu ne, an kuma zura bakin tiyon ciki sosai.

Amfaninta kuwa ba ɓoyayye ba ne. A ƙasashen da mai mota ke zuba wa kansa, tsoho da mai ciwon gaɓoɓi sukan sha wuya wajen matse kunamar nan minti biyu ko uku, balle cikin sanyin ƙanƙara. Sa'an nan tururin fetur yana ɗauke da sinadarin benzin, wanda likitoci suka tabbatar yana jawo sankarar jini ga mai yawan shaƙarsa, sakatar kuwa tana ba mutum damar ja da baya taku ɗaya. Saboda haka ne ma dokar Jihar Kalifoniya ta Amurka ta wajabta sa ta. Har ila yau, inda aka cire ta mutane ba su daina neman sauƙi ba, sai su cusa murfin tanki ko wani tarkace su danne kunamar, abin da ba a ƙera don wannan aiki ba, babu kuwa mai lamunin zai saki lokacin da ya kamata.

To, ina hatsarin ya ke? Yana ga mutumin da hannunsa ya sami hutu, ƙafarsa ta ɗauke shi. Kowa ya san yadda in an tuɓe rigar nailan cikin duhu da hunturu a kan ji ƙas-ƙas, har a ga tartsatsi. Irin lantarkin nan ne ke taruwa a jikin wanda ya sa sakata, ya koma cikin mota don gudun sanyi ko ɗauko kuɗi, tufafinsa suka gogi kujera. In ya fito bai taɓa wani ƙarfe ba ya kai hannu ga kan tiyo, tartsatsin zai tashi daidai inda tururin fetur ya fi yawa. Fetur kuwa yana fid da tururi mai kama wuta ko da sanyi ya kai digiri 40 ƙasa da sifiri, tururin kuma ya fi iska nauyi, ba ya saurin watsewa. Ƙungiyar masu kayan gidajen mai ta Amurka, wadda a ke kira PEI, ta tattara rahoton gobara fiye da 100 irin wannan tun daga shekarun 1990, da yawa daga cikinsu kuwa mutumin ya koma cikin mota ne mai na zuba. Ga kuma malala: a Amurka an yarda famfo ya zuba har galan 10 a minti ɗaya, wajen lita 38 ke nan, sai mai karatu ya auna abin da zai kwanta a ƙasa in tiyo ya suɓuce babu kowa kusa.

Wannan ne ya raba kan hukumomi. A Ingila a kan cire sakatar daga famfunan fetur na gidajen da mutum ke zuba wa kansa. Jihar Masacusets ta daɗe da hana ta, sa'an nan ta janye hanin a farkon 2015. Ita kanta Kalifoniya, a 2010 shugaban hukumar gobararta ya ba da umurni a cire sakatar daga wani samfurin kan tiyo a gidajen mai wajen 3,000, domin an sami yana feso wa mutane fetur ba zato. Mun ga hikima a nan: samfurin da ya nuna aibi shi aka kama, ba a yi wa sauran kuɗin goro ba.

A ƙasar nan ma'aikacin gidan mai ne ke zubawa, saboda haka maganar ta koma kansa da maigidansa. Sau nawa a kan ga ma'aikaci ɗaya ya sa sakata a wata mota, ya juya yana ba da canji a wata, yana kuma gardama da mai jarka? Ba ma ganin laifinsa shi kaɗai, gama wanda ya ba mutum ɗaya famfo biyu ranar da layi ya yi tsawo shi ya koya masa haka. Iskar hunturunmu kuwa busasshiya ce ƙwarai, irin wadda lantarkin jiki ke so.

Abin da mu ke roƙon hukumar NMDPRA, wadda dokar man fetur ta 2021 ta ɗora wa kula da gidajen mai, shi ne ta tsaya kan abu kaɗan amma ta tsananta. Wanda ya sa sakata kada ya gusa daga inda hannunsa zai kai ga tiyo. Masu duba famfo, in sun zo auna ko lita ta cika, su gwada har da tsayawar mai da sakin sakata, wadda ta lalace a rufe famfon sai an gyara. Babur da jarka kuwa a hana sa musu sakata sam. Bakin tiyo ba ya shiga tankin babur sosai, ga inji mai zafi a ƙarƙashinsa, sau da yawa ma mai shi na zaune a bisa. Jarka kuma a ƙasa a ke ajiye ta a cika, ba cikin but ko bayan a-kori-kura ba.

Akwai abu guda da mu ke so akawuna su faɗa wa direbobin ofisoshinsu, malaman makaranta kuma su koya wa yara. In wuta ta kama a bakin tanki, kada a fizge tiyon waje, ko da ya ke abin da zuciya za ta fara rayawa ke nan. In sakata na riƙe, fizgewar za ta watsa fetur mai ci a jikin mota da mutane. A bar shi a ciki, a ja da baya, a yi wa ma'aikaci ihu ya kashe famfon daga makunninsa.