Jirgin Ƙasa A Kan Teburi: In Aljihu Ya Bushe, Wa Ke Fara Sauka?

 

Makon jiya wani abokin zamana a ɗakin kwanan ɗalibai ya miƙo min wayarsa, ya ce in kalli wani bidiyo in faɗa masa a wace ƙasa aka ɗauke shi. Jirgin ƙasa ne ya fito daga cikin ramin dutse, ya haye gada, ya rage gudu ya tsaya a tasha. Ga fasinjoji tsaitsaye, ga shanu na kiwo a gefen layin dogo. Na ce masa Jamus ce. Ban rufe baki ba sai ga wani ƙaton hannu ya sauko daga sama ya ɗauke kan jirgin, kamar an ɗauki sandar sabulu. Ashe duk garin a kan teburi yake, a ɗakin wani dattijo. A daren nan datar da na saya ta mako guda ta ƙare a kan irin waɗannan bidiyoyi. Da yake tattalin arziki nake karantawa, tambayar da ta tsaya min a rai ita ce: nawa ake kashewa a wannan abu, kuma me ke faruwa da shi idan rayuwa ta yi tsada?

Bari in fara bayyana abin, don ba mu saba da shi a nan ba. A ƙasashe irin su Ingila da Jamus da Amurka da Japan, akwai mutane masu yawa, galibi manya, da abin sha'awarsu shi ne haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki. Ba irin na roba da ake saya wa yara da sallah ba. Kowane jirgi kwafin wani jirgi ne na gaske, an rage girmansa bisa ma'auni. Ma'aunin da ya fi yaɗuwa a duniya shi ne HO, wato kashi 1 cikin 87. Taragon da ya kai mita 20 a zahiri zai dawo kusan santimita 23, bai kai tsawon rular da ke jakarku ba. 'Yan Ingila sun fi son OO, kashi 1 cikin 76. Akwai kuma N da ya fi su ƙanƙanta. Mutum zai sayi kan jirgi da taragai da layin dogo da na'urar sarrafa gudu, sannan ya gina musu gari: tasha, gadoji, duwatsu, bishiyoyi, har da fitilun kan titi.

Kuɗi kuwa ana kashe shi. A Ingila sabon kan jirgi guda ɗaya mai kyau yakan haura fam 150, wanda aka sa wa na'urar fitar da ƙarar inji kuma ya fi haka nesa ba kusa ba. A shekarar 2025 fam ɗaya ya yi ta kai-kawo ne a kusa da naira 2,000, sai ku ninka da kanku. Ni da na ninka sai na ajiye biro na yi shiru.

To abu ne da ba a ci, ba a sha, ba ya maganin zazzaɓi. A aji an koya mana cewa irin waɗannan kaya su ake fara yankewa idan samu ya ragu. Haka na zata zan tarar. Abin da na tarar ya ɗan fi haka sarƙaƙiya.

Mu koma Amurka a shekarar 1929, lokacin da kasuwar hannayen jari ta rushe, aka shiga karayar tattalin arzikin da ba a taɓa ganin irinta ba. Zuwa 1933 kusan mutum ɗaya cikin huɗu na masu neman aiki ba shi da aikin yi. Babban kamfanin ƙananan jirage a ƙasar a lokacin shi ne Lionel, kuma kayansa manya ne, na ƙarfe, masu tsada, irin waɗanda uba mai hali ke saya wa ɗansa da Kirsimeti. Uban da ke bin layin karɓar miya kyauta ba zai sayi jirgi ba. Ciniki ya faɗi, kamfanin ya shiga asara, zuwa 1934 har kotu ta naɗa masu riƙon ƙwarya su kula da shi saboda bashi. Abin da ya taimaka masa ya farfaɗo zai ba ku dariya: wata 'yar ƙaramar mota ce ta kan layin dogo da ake murɗa wa makulli, Mickey Mouse da Minnie suna tuƙa ta, ana sayar da ita dala ɗaya tak. An sayar da fiye da 250,000. A farkon 1935 kamfanin ya fita daga hannun kotu.

Amma ga abin da ya fi jan hankalina. A cikin wannan tsanani ne, a watan Janairun 1934, wani saurayi ɗan shekara 23 mai suna Al Kalmbach ya fara buga mujallar Model Railroader a birnin Milwaukee. Ya gama jami'a, aikin da ya sa rai bai samu ba saboda halin da ƙasa ke ciki, sai ya koma ga injin ɗab'insa. (Wannan sashe na labarin ya taɓa ni, don mu ma da ke jami'a yanzu mun san irin tunanin da ke hana mu barci.) Mujallar ba ta masu shiga kanti su nuna da yatsa ba ce. Ta masu ƙerawa ce: yadda za ka yanka katako ka yi tarago, yadda za ka naɗa waya ka gyara mota, yadda gwangwani zai zama tankin mai. Shekara guda bayan haka, a 1935, masu wannan sha'awa suka kafa ƙungiyarsu ta ƙasa a wannan birni, suka tsayar da ma'aunai don kayan wannan kamfani su hau layin wancan. A shekarun nan ne kuma ƙaramin ma'aunin HO ya fara samun karɓuwa, saboda ya fi araha kuma ba ya cin wuri. Mutumin da aka sallama daga aiki ba shi da kuɗi, amma yana da abin da mai aiki ba shi da shi, wato lokaci. Kamfanoni suna kuka, ita kuwa sha'awar tana yin saiwa.

Da yaƙin duniya na biyu ya zo aka hana amfani da ƙarfe wajen yin kayan wasa a Amurka, Lionel jirgin kwali ya fitar a 1943, kowa ya yanka ya haɗa da kansa.

An sake ganin makamancin haka a zamaninmu. Kamfanin Märklin na garin Göppingen a Jamus an kafa shi tun 1859. A watan Fabrairun 2009, shekarar da ya kamata ya yi bikin cika shekara 150, ya bayyana cewa ya kasa biyan bashi, bayan bankuna sun ƙi sabunta masa rance a tsakiyar rikicin kuɗin da ya girgiza duniya. Gaskiya dama kamfanin na ɗingishi tun kafin rikicin, rikicin ya ƙarasa tura shi ne kawai. Bai mutu ba. An ci gaba da aiki a ƙarƙashin mai riƙon ƙwarya, a 2013 kuma iyalin da suka mallaki kamfanin kayan wasa na Simba Dickie suka saye shi.

Sai kuma lokacin korona, wanda ya birkita lissafi. Tattalin arziki ya tsaya cak a 2020, amma kamfanin Hornby na Ingila, da ya shafe shekaru yana tafka asara, a lokacin ne cinikinsa ya tashi har ya koma cin riba. Dalili a fili yake: an kulle mutane a gida, ba tafiya hutu, ba gidan abinci, ba kallon ƙwallo. Wanda albashinsa ko fanshonsa bai tsaya ba sai ya juya kuɗin zuwa teburinsa. Ashe ba kowane matsi ne ke taɓa wannan harka iri ɗaya ba. Wanda ya bi bayan korona, na tsadar gas da lantarki da abinci, shi ne mai ciwo, domin shi kuɗin hannun mutane ya cinye kai tsaye.

Idan irin wannan ya zo, me mai sha'awar ke yi? Abu na farko, ya daina yin odar sababbin jirage tun kafin su fito. Na biyu, ya koma gwanjo. Kasuwar tsofaffin jirage babba ce a can, a wuraren baje koli da kuma intanet, kuma jirgin da aka ƙera shekara 40 da suka wuce, in an goge ƙafafunsa aka ɗiga masa mai, zai tashi. Wasu su sayar da biyar su sayi ɗaya. Wasu su buɗe kabad su fito da kayan haɗi da suka saya tun tuni ba su taɓa buɗewa ba. Gari kuwa dama ba sai da kuɗi ake gina shi ba: kwalin kayan shayi ya zama bangon tasha, garin katako da aka rina ya zama ciyawa, busasshen ganyen shayi ya zama ƙasar daji, zaren wayar lantarki da aka murɗa ya zama bishiya.

Akwai wata dabara da ta burge ni ƙwarai, ana kiranta Inglenook, wani Bature ɗan Ingila mai suna Alan Wright ne ya shahara da ita. Allon katako ne da bai kai tsawon bencin ajinku ba, da gajerun layuka uku: ɗaya na ɗaukar tarago biyar, biyu na ɗaukar uku-uku. Kan jirgi ɗaya, taragai takwas, shi ke nan kayan. Za a zaɓi biyar daga cikin takwas ɗin ta hanyar ƙuri'a, aikinka shi ne ka yi ta gaba da baya har ka jera su yadda ƙuri'ar ta fito. 'Yan aji biyar da shida, ku ɗauko biro: 8 sau 7 sau 6 sau 5 sau 4. Amsar ita ce 6,720. Wato da kayan da ba su taka kara sun karya ba, mutum na da wasa iri 6,720. In kullum zai yi ɗaya, sai ya haura shekara 18 bai maimaita ba.

Zuwa nan za ku ce ashe babu matsala. Akwai, kuma a ganina ku ta shafa, wato masu shekarunku. Duk dabarun nan da na lissafa na wanda ya riga ya shiga ne. Dattijon da ya tara jirage 50 a kabad, ya mallaki kayan aiki, ya iya walda da fenti, in ya shekara uku bai sayi komai ba babu abin da ya rage shi. Yaro ɗan shekara 13 da ya ga bidiyo irin wanda na gani fa? Shi sai an saya masa na farko. Uban da ke lissafin kuɗin haya da na lantarki zai ce a bari sai baɗi, kafin baɗi kuma yaron ya koma wasan waya. Ba za a ga giɓinsa a lissafin wannan shekara ba, sai bayan shekara 20, lokacin da ya kamata a ce shi ne mai saye.

An fara ganin alamar haka. A watan Janairun 2024 kantin Hattons, ɗaya daga cikin manyan masu sayar da waɗannan kaya a Ingila, wanda aka buɗe a Liverpool tun 1946, ya sanar da cewa zai rufe. Cikin dalilan da ya bayar akwai raguwar masu saye da hauhawar kuɗin gudanarwa. A watan nan dai ƙungiyar Warley ta ce ta daina shirya babban baje kolin da ta shafe shekara 30 tana yi a Birmingham, saboda masu aikin sa-kai sun tsufa kuma matasa ba sa shigowa su karɓe su. Kamfanoni sun san da wannan, shi ya sa Hornby ke da jerin jirage masu rangwame da ya kira RailRoad, Märklin kuma ya fito da masu batir na yara. Ni dai ina ganin gidan kallon Miniatur Wunderland na Hamburg, wanda wasu tagwaye suka buɗe a 2001 kuma layin dogonsa ya haura kilomita 15, ya fi su gane bakin zaren. Sukan ware wasu kwanaki a watan Janairu, duk wanda ya zo ƙofa ya ce ba shi da halin biya, sai a bar shi ya shiga kyauta, ba tare da an nemi shaida ba.

Ina cikin karanta labarin masu bishiyar waya sai na tuna da kaina ina aji huɗu na firamare. Mu ma mun yi motar kara da ta gwangwani, tayar silifas, sitiyarin waya mai tsawo. Ba wanda ya saya mana komai, kuma ba mu taɓa jin muna cikin rashi ba. Bambancinmu da su shi ne su suna aunawa, suna kuma ci gaba har tsufa, mu kuwa da mun shiga sakandare sai a ce mun girma da wasan yara. Tawa motar ta ƙarshe, wata tirela mai taya goma, a bayan ɗakin girki na bar ta har ruwan sama ya cinye ta.

Saboda haka ga aikin hutun ƙarshen mako ga mai so. Ku samo kwali da gam da rula. Taragon kaya mai tsawon mita 14, faɗin mita 3, ku raba kowanne da 87 ku ga santimita nawa zai ba ku, ku yanka ku haɗa. Murfin kwalba zai yi girma a matsayin ƙafa, ku nemi maɓallin riga. Wanda ya gama ya ɗauki hoto ya aiko ta hannun editan wannan shafi, da sunansa da ajinsa da makarantarsa. Ni ma na fara nawa, sai dai rufin ya karkace, abokin zamana kuma ya ce ya fi kama da akwatin ashana. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.