A Kan Tudu Jirgi Yake Fara Nitsewa

Kogin Gagare da ya ratsa ta Ƙauran Namoda, da na Bunsuru da ya bi ta ƙasar Zurmi, koguna ne na damina. Da rani ya kama sai su janye, a bar kwale-kwale kwance a kan rairayi har wata shida ko fiye. Idan kuwa an ji labarin ruwa a wani wuri, sai a ɗora shi a kan amalanke ko bayan mota, a ɗaure da igiya. A wannan zama da wannan jigila ne jirgi yake samun raunin da ba a gani sai ranar da ya ɗauki mutane.

Dalilin haka a fili yake a ilmin kimiyya. Jirgin da yake kan ruwa, ruwan ne yake tallafe da kowane taƙi na cikinsa, nauyin ya rarrabu. Da an fito da shi, nauyin yakan taru a inda ya taɓa ƙasa kawai. Jirgi mai kilo 600 da aka ɗora kan duwatsu biyu, kowane dutse yana danna katako da nauyin kilo 300 a wurin da bai wuce tafin hannu ba. Ramukan hanya kuma su ninka wannan danniya. Ga kuma bushewa: katako yakan fara tsukewa idan damshin cikinsa ya sauka ƙasa da kimanin kashi 30 cikin 100, iskar hunturu kuwa tana kai shi ƙasa da kashi 10. Daga nan mahaɗai su buɗe, ƙusoshi su saki.

Masu jirgin katamaran, wato tagwayen jirage da aka haɗa da sanduna, sun daɗe da fahimtar wannan. Sunan ma daga harshen Tamil na kudancin Indiya ya fito. A Turai da Amurka, tirelar da ake jan irin wannan jirgi tana da gado biyu, kowanne an sassaƙa shi daidai da cikin jirgin, an shimfiɗa masa abu mai laushi. Idan gado ɗaya ya fi ɗaya tudu, sandunan haɗin sukan murɗe. Saboda haka sukan yi amfani da ƙarfen da aka lulluɓe da tutiya don gudun tsatsa, su riƙa duba notuna, su wanke shimfiɗar domin yashin da ya maƙale a ciki yana cin jikin jirgi.

Wannan dabara ba ta fi ƙarfin kafintan Shinkafi ko na Banga ba. Azarar giginya da itacen ƙirya suna jure gara. Gado huɗu masu faɗi, da aka lanƙwasa daidai da jirgin, aka shimfiɗa musu tsohuwar taya, sun wadatar. A ɗaga jirgin daga ƙasa, a yi masa rumfa, a duba gadon a farkon rani da ƙarshensa. Katako ba rago ba ne: kwale-kwalen Dufuna da aka gano a 1987, a yankin da yake Jihar Yobe a yau, ya kai kimanin shekara 8,000, domin yana binne cikin damshin da bai sauya ba.

Wani zai ce lodin da ya wuce kima ne yake kashe mutane, ba gado ba. Gaskiya ne lodi aka fi zargi a hatsarin Bagwai na 2021 da na Gummi na 2024. To amma lodi yana tarar da jirgi ne a halin da rani ya bar shi, mai tsaga kuwa shi yake fara shan ruwa.

Ya kamata Hukumar Kula da Hanyoyin Ruwa ta Ƙasa, wadda aka kafa a 1997, tare da sarakunan ruwa da ƙananan hukumomi, su mayar da binciken jirage zuwa watan Afrilu da Mayu, lokacin da jirgi yake kan tudu ana ganin cikinsa da bayansa. Sassan koyar da aikin injiniya kuma su fitar da zanen gado mai araha ga kafintoci. Tun ran gini, ran zane.