Tsatsa ba shaidar tsufa ba ce: zare kan bindigar kaka

1/ Jama'a, duk gidan da ke da tsohuwar bindiga a rataye sai ka ji "ta kakan kakanmu ce, da ita aka je yaƙi." Ni dai a ganina labarin baka kaɗai bai isa ba. A bar ƙarfen ya ba da shaida. 🧵

2/ Mai ƙanƙara nake nufi, wadda dutse ke bugun ƙarfe, tartsatsi ya kama albarushi. Ganin ƙanƙara ba ya nufin ta shekara 200. Birmingham a Ingila da Liyej a Beljiyam sun daɗe suna ƙera irinta don kasuwar Afirka bayan sojojin Turai sun daina amfani da ita. Maƙeranmu ma sun yi tasu.

3/ Fara da hatimi a gindin bututun. A 1813 aka kafa gidan gwajin bindigogi na Birmingham, hatiminsa sanduna biyu ne a gicciye da kambi. Na Liyej haruffan ELG ne cikin da'ira mai siffar ƙwai. In akwai kambi a saman da'irar, daga 1893 ne zuwa gaba.

4/ Brown Bess ta sojan Birtaniya tana da TOWER da kambi da GR a gefe. Amma fa an kwaikwaye ta sosai. Harafi a juye ko rubutu a karkace, yi hattara.

5/ Duba ko sassan sun tsufa tare. Katako ya yi baƙi, kusoshi na ƙyalli, ko akwai rata tsakanin ƙarfe da katako? An yi haɗe-haɗe. Tsatsa kuwa, ruwan gishiri ma yana kawo ta cikin kwanaki.

6/ Don Allah kar a goge da sanfefa, kar a shafa fenti. Gogewar nan ita ke cinye hatimi, daraja ta tafi. Ɗan mai da ƙyalle mai laushi ya wadatar.

7/ Mafi muhimmanci: wasu a ɗure aka rataye su, kuma albarushi na iya tashi bayan shekaru. Kar a ja kunama, kar a fita da ita hawan Sallah. Bututun da tsatsa ta ci ta ciki yana fashewa a hannu.

8/ In ta tabbata ƙirar maƙerin gida ce, ba abin kunya ba ne wallahi, tarihinmu ce ita ma. Kafin dillali ya taya, ku ɗauki hoton hatimin, ku rubuta abin da dattawa suka sani a kanta.