Lissafin ƙarshen shekara: dare nawa ka kwana a gidanka?

Jama'a, Disamba ta kama, lokacin baje kolin hotuna ya yi. Daga yanzu har shekara ta fita, abin da za ku yi ta gani a nan Facebook ke nan: ga Alhaji a taron bita a Kaduna, ga shi a Abuja, ga Umra a goman ƙarshe, ga ɗaurin aure a Haɗeja da Gumel da Kazaure, ga 'yar auta da hular bikin yaye 'yan naziri. A ƙasa a rubuta shekara ta yi albarka, 'yan uwa su bi da Masha Allah.

Ba hassada nake ba, Allah Ya ƙara buɗi. Tambayata ɗaya ce ga 'yan uwana ma'aikata: cikin kwana 365 ɗin nan, dare nawa ka zauna ka ci tuwo da 'ya'yanka?

Tun da aka ƙirƙiro Jigawa ranar 27 ga Agusta, 1991, aka kai hedikwata Dutse, wata al'ada ta kafu. Ofis a Dutse, iyali a Kano, tsofaffi a Jahun. Litinin da asuba mutum ya bi hanyar Wudil, Juma'a ya koma. Asabar ya biyo ta Kiyawa ya zo gida ɗaurin aure ko ta'aziyya, Lahadi da dare ya isa Kano a gajiye, yara sun yi barci. A farkon jiha akwai uzuri, Dutse ba gidaje, ba makarantun da za a zaɓa. Yau fa? An haura shekara talatin. Dutse har jami'ar tarayya gare ta tun 2011. Uzurin ya tsufa, al'adar tana nan.

Shi kuma yaro an cika masa rana maƙil. Boko tun bakwai da rabi har ƙarfe biyu, Islamiyya bayan la'asar, malamin lesin bayan magariba, hadda Asabar da Lahadi. Dogon hutu ya zo a sake tura shi lesin hutu. Ana ganin gata ne. Wallahi a gidaje da yawa ajiya ce, an nemi inda za a jingine yaro ne don kowa ya samu ya fita. Ita uwar gida wataƙila malama ce ko ma'aikaciyar asibiti, ga nata aikin, ga biki da suna da kamu da ba a yafe mata. Yaro ya tashi hannun ɗan acaɓa mai kai shi makaranta da wayar da aka miƙa masa don ya yi shiru.

Ka tambayi uban sunan malamin ajin ɗansa, ko izu nawa ya kai, ko da wa yake yawo bayan isha'i. Sai ya ce bari ya kira uwarsu. Amma ya san alawus ɗin kwana uku a Kaduna har kwabo.

Na san abin da za a ce mini. Wani zai ce neman halal ne, don su ake yi. Gaskiya ne, ba wanda ya ce ka ajiye aiki. Amma kowa a sakatariya ya san ba kowace bita ce ta zama dole ba, akwai wadda har kamun ƙafa ake yi a sa sunan mutum. Wani zai ce zumunci a ƙafa yake. Haka ne. To ɗanka ba ɗan uwanka ba ne? Ka ƙetare ƙananan hukumomi uku don ɗaurin auren ƙanen abokin aiki, amma taron iyaye da malamai sau ɗaya a zango ya gagare ka.

Ga kuɗin ma. Tun da aka cire tallafin mai ranar 29 ga Mayu, 2023, litar da muke saya ƙasa da naira 200 sai da ta haura 1,000. Mafi ƙarancin albashi naira 70,000 ne tun 2024. Mai riƙe gida biyu da zirga-zirgar kowane mako ya zauna ya lissafa abin da titi ke ci a wata, ya gwada da kuɗin makarantar da yake kuka a kai.

Sakamakon kuwa ba ya fitowa a hoton Disamba. Sai yaro ya kai aji shida na sakandare, uba ya fara neman inda za a taimaka masa a jarabawar WAEC. Ko a tsinci kwalba a ƙarƙashin katifa. Lokacin da gwamnati ta hana maganin tari mai kodin a 2018 bayan rahoton BBC, ai ba 'ya'yan marasa gata kaɗai ke sha ba. Daga nan a fara zagin zamani da abokan banza da malamai, kowa ya yi laifi ban da wanda ba ya gida.

Abin da nake kira a kai ba ya bukatar kasafin gwamnati. In za ka iya kawo iyalinka inda kake aiki, ka kawo su. In ba hali, ka ware Lahadi ta zama tasu, ɗaurin aure ka aika da gudummawa da addu'a, za a ɗaura ko ba ka. Ka rage wa yaro lesin ɗaya ka zauna da shi kai da kanka, ya biya maka karatu, ka je makarantarsa ba tare da an kira ka ba. Shugabannin ma'aikatu kuma ku ji tsoron Allah, bitar da za a iya yi a Dutse a daina kai ta otal a wata jiha.

Matsayi zai ƙare, bayan shekara 35 na aiki ko 60 na haihuwa za a miƙa maka takardar ritaya ka dawo Jahun. Ranar za ka nemi wanda zai zauna da kai hira, su kuma sun riga sun koyi darasin da ka koya musu, cewa mai abin yi ba ya zama a gida.

Wanda maganar ta yi wa zafi ya yi haƙuri, gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Allah Ya shirya mana zuri'a.