SHARHI: Hakin da korona ta bar wa matasan ma'aikata, da gurbin da dokar aiki ba ta tanada ba

Tun ranar 5 ga Mayun 2023, da Hukumar Lafiya ta Duniya ta janye matsayin ta-ɓaci a kan cutar korona, maganarta ta ɗauke a Abuja kamar ruwan ƙarshen damina. An kwashe bokitan wanke hannu daga ƙofofin ma'aikatu, takunkumin fuska ya koma na kare ƙurar hunturu, kwamitin da Boss Mustapha ya jagoranta ya shiga kundin tarihi. Lissafin da aka rufe littafi da shi mai daɗin ji ne: kimanin mutum 267,000 aka tabbatar sun kamu a Najeriya, 3,155 suka rasu, saura aka ce sun warke. To amma warkewa a wancan lissafi na nufin an sallami mutum daga killacewa. Ba ta nufin ƙirjinsa da gaɓoɓinsa sun koma yadda suke kafin ya kamu.

Matasa aka fi kwantar wa da hankali a lokacin, kuma ba ƙarya aka yi musu ba: dattawa da masu ciwon suga ko hawan jini ne cutar ta fi kashewa. Ɗan shekara 25 kan yi zazzaɓin kwana uku, ya daina jin ƙamshi, ya sha maganin maleriya, ya koma aiki. Abin da aka gano daga baya shi ne, sauƙin ciwo a makon farko ba ya ba da tabbacin sauƙin abin da zai biyo baya. A watan Oktoban 2021 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba wannan hali ma'ana a hukumance: alamomin da ake tare da su wata uku bayan kamuwa, waɗanda suka ɗauki aƙalla wata biyu, kuma babu wata cuta da ta bayyana dalilinsu. Gajiya da sarƙewar numfashi da raunin tunani ne kan gaba. Hukumar ta ƙiyasta cewa kimanin mutum 6 cikin 100 da suka kamu ne kan faɗa cikin wannan hali, wanda ake kira doguwar korona.

Shaidar da ta fi gamsarwa a kan matasa daga barikin soja ta fito. A farkon 2020 cutar ta ɓulla a tsakanin kuratan sojan Siwizalan, 'yan kimanin shekara 21, waɗanda an riga an auna juriyarsu kafin su kamu. Wannan ya ba masu bincike abin da ba kasafai ake samu ba, wato ma'aunin mutum guda kafin ciwo da bayansa. Da aka sake gwajin gudu kimanin wata ɗaya da rabi bayan kamuwa, sai aka ga kusan ɗaya cikin biyar na waɗanda suka yi ciwon ya rasa fiye da kashi 10 cikin 100 na iyakar iskar oksijin da jikinsa ke iya sarrafawa a lokacin aiki mai tsanani. Waɗanda ƙwayar ta shige su ba tare da alama ba, da waɗanda ba su kamu ba, ba a ga wannan faɗuwa a jikinsu ba. Ƙarfin ɗaga nauyi bai ragu ba. Juriya ce ta yi ƙasa. Wani nazari na biyu a kan sojojin ƙasar su 501, wanda aka buga a 2022, ya nuna mafi yawan abubuwan da aka auna sun daidaita bayan wata shida, amma raguwar juriyar tana nan.

A birnin Bergen na ƙasar Norwe kuwa, likitoci sun bi sawun waɗanda suka yi jinya a gida. Daga cikin matasa 61 'yan shekara 16 zuwa 30, 32 na da wata alama bayan wata shida. Kashi 21 cikin 100 na fama da gajiya, kashi 13 da sarƙewar numfashi.

Abin da ya fi ɗaure wa marasa lafiya kai, har da likitocinsu, shi ne sau da yawa hoton ƙirji kan fito fes, awon jini lafiya lau, zuciya na bugawa daidai, amma mutum ya hau bene hawa biyu yana haki kamar wanda aka biyo. A nan ya kamata mai karatu ya ɗan tsaya, domin nan ne ake zarginsu da ƙarya. Numfashi ba aikin huhu kaɗai ba ne. Iska takan shiga huhu, ta ratsa cikin jini, zuciya ta harba ta, sannan tsoka ta zuƙe ta domin ta ƙona abinci ta fitar da ƙarfi. Duk inda aka samu cikas a wannan sarƙa, abin da mutum zai ji guda ne: iska ba ta isarsa. Masu bincike a Oxford sun sa majinyata shaƙar wata iska ta musamman mai suna zenon a cikin injin ɗaukar hoto, suka ga ratsawar iska daga huhu zuwa jini ta ragu a wasu da ba su taɓa kwanciya asibiti ba, alhali hotonsu na yau da kullum bai nuna komai ba. A Amurka an sa wasu tuƙa keken motsa jiki ana auna jininsu kai tsaye, aka tarar zuciya na kai jini yadda ya kamata, tsokar ce ba ta zuƙar oksijin ɗin da aka kai mata.

Binciken da aka buga daga Amsterdam a Janairun 2024 ya shiga cikin tsokar kanta. An ɗebi ɗan yankin tsokar cinya daga majinyata 25 da wasu 21 da suka warke sarai, kafin a sa su tuƙa keke da kuma kwana guda bayan haka. A jikin majinyatan an ga ƙananan injinan samar da ƙarfi da ke cikin ƙwayoyin tsoka, waɗanda masana ke kira mitokondiriya, na aiki ƙasa da ƙima, kuma bayan wahalar sai aikinsu ya ƙara faɗuwa, alamun lalacewar tsoka suka bayyana. Ba duka matasa ne aka gwada ba, kuma adadin ba shi da yawa. Duk da haka ya fassara wani abu da majinyata suka daɗe suna faɗi ba a yarda da su: idan suka matsa wa kansu yau, ba a take suke gane kurensu ba, sai gobe ko jibi jiki ya rushe. Ma'aikacin da ya wuni a tsaye wajen taron Litinin, ya kasa tashi ranar Laraba, a ofis malalaci za a kira shi.

Akwai ɗaya ɓangaren, kuma rashin adalci ne a ɓoye shi. Wani nazari a Norwe ɗin da aka buga a 2023 ya kwatanta 'yan shekara 12 zuwa 25 da suka kamu da waɗanda ba su kamu ba, ya tarar bayan wata shida kusan rabin kowane rukuni, kashi 49 da kashi 47, sun cika sharuɗɗan ma'anar Hukumar Lafiya ta Duniya. Kaɗaici da rashin motsa jiki na cikin abubuwan da suka fi tafiya da alamomin. Darasin shi ne ma'anar ta yi faɗi, kuma gajiya ba ta korona ce kaɗai ba. A Najeriya wannan gargaɗi ya fi nauyi: mu ne kan gaba a Afirka wajen yawan masu tarin fuka, ga asma, ga ƙarancin jini, ga sikila, ga hayaƙin janareta da ake kwana da shi. Matashin da ya ɗora hakinsa a kan korona, alhali tarin fuka ke cin huhunsa, ya yi wa kansa mummunar illa, ga shi gwaji da maganin tarin fuka kyauta ne a cibiyoyin gwamnati. Galibin waɗanda suka kamu da korona sun warke sarai, kuma da yawa daga masu doguwar kan samu sauƙi cikin shekara guda. Tsiraru ake magana a kai. Sai dai tsiraru daga cikin miliyoyi ba ƙaramin taro ba ne.

Miliyoyin kuwa suna nan. Awon jinin da NCDC da Cibiyar Binciken Lafiya ta Najeriya suka gudanar a Satumba da Oktoban 2020 ya nuna kashi 23 cikin 100 na mutanen Legas da Inugu, da kashi 19 na mutanen Nasarawa, sun riga sun kamu, tun kafin zuwan nau'in Delta da Omikron. Daga Nasarawa, ta Mararaba da Masaka, dubban ƙananan ma'aikata ke kwararowa sakatariya kowace safiya, a matse cikin motocin haya. Mafi yawansu ba su taɓa yin gwaji ba. Wato ko da ɗayansu na fama da abin da cutar ta bari, ba shi da takardar da ke nuna ya taɓa kamuwa. Likitoci a Legas sun buga nazari a 2021 a kan mutum 274 da aka sallama, inda kimanin kashi 41 cikin 100 suka ce alamomi ba su rabu da su ba, saurin gajiya da ciwon kai a gaba. Amma bibiyar ta gajeren lokaci ce, ba ta kai mu ga halin da suke ciki bayan shekara ba.

Gwamnati ta kula da ƙananan ma'aikata a lokacin da cutar ke tashe. An ce 'yan mataki na 12 zuwa ƙasa su zauna a gida, aka dawo da su ranar 1 ga Disambar 2021 da sharaɗin nuna katin riga-kafi ko sakamakon gwaji. Daga nan aka ɗauka an gama. Ƙa'idojin aikin gwamnati da aka daɗe ana amfani da su sun san mutum biyu ne kawai: mai lafiya da ke kan kujerarsa, da majinyacin da ke kwance. Wanda ba a kwantar a asibiti ba, kwana 42 ne iyakar hutun jinyarsa a cikin wata 12. Idan ya zarce, sai ya gurfana gaban kwamitin likitoci, wanda zai duba ko ya cancanci a sallame shi daga aiki. Ciwon da ke zuwa kwana biyu ya tafi kwana biyar, wanda eksire ba ya gani, ba shi da mazauni a wannan tsari. Sakamakonsa, matashin ma'aikaci zai gwammace ya ɓoye, ya riƙa karɓar takardar tuhuma a kan makara, da ya kai kansa gaban kwamiti. Hadiman masu riƙe da muƙaman siyasa sun fi shi shiga tsaka mai wuya: su ke riƙe da jaka, su ke sassarfa bayan mai gida a filin jirgi, kuma kujerarsu a hannun mutum guda take.

Gyaran ba ya buƙatar sabuwar hukuma, wadda dama ita ce amsar Abuja ga kowace matsala. Sanarwa guda daga Ofishin Shugaban Ma'aikatan Tarayya za ta iya ba daraktocin kula da ma'aikata ikon amincewa da dawowa aiki sannu a hankali, rabin wuni ko wasu kwanaki daga gida, bisa shawarar likita, ba tare da an cinye kwana 42 ɗin ba. An yi aiki daga gida fiye da shekara guda, gwamnati ba ta rushe ba. Hukumar inshorar lafiya ta NHIA, wadda dokar 2022 ta ƙara wa ƙarfi, na da hurumin matsa wa kamfanonin da ke riƙe da katunan ma'aikata su riƙa sakin izinin awon aikin huhu da ganin ƙwararren likitan ƙirji da mai gashin ƙashi, maimakon a yi ta juya mutum tsakanin maganin maleriya da na taifod.

Akwai kuma shawarar da ake yawan bayarwa da kyakkyawar niyya, mai iya cutarwa: "Ka shiga motsa jiki, ƙiba ce." Ga wanda zaman wuri guda ya kashe wa jiki, gaskiya ce. Ga wanda jikinsa ke rushewa kwana guda bayan wahala, jagorar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2022 ta ce a fara tantance wannan alama kafin a ɗora shi kan atisaye, a koya masa raba ƙarfinsa gwargwadon abin da jiki zai ɗauka. Hanya mafi sauƙi ta bambancewa ita ce mutum ya riƙe ɗan littafi na mako biyu ko uku, yana rubuta aikin da ya yi kowace rana da yadda ya tashi washegari, ya tafi da shi asibiti. Wanda kuma hakinsa ya zo da ciwon ƙirji, ko bugun zuciya mai tsanani, ko tari fiye da mako biyu, ko rama, wannan ba na jiran littafi ba ne. Ranar ya kamata likita ya gan shi.