Gidan Dassault: Tsakanin Mai Ƙira Da Mai Saye

A wannan wata mun ga ya dace mu yi nazari a kan gidan Dassault na ƙasar Faransa, zuriyar da ta haura shekara 100 a sana'ar jiragen sama.

Wanda ya kafa gidan, Marcel Bloch, an haife shi a 1892, ya kuma fara da ƙera farfelar jirgi a Yaƙin Duniya na Ɗaya. Da ya ƙi yi wa Jamusawa aiki, sai suka tsare shi a sansanin Buchenwald a 1944. Bayan yaƙi ya koma amsa sunan Dassault, ya tada masana'antarsa, wadda ta fito da jirgin yaƙi Mirage. Da ya mutu a 1986, ɗansa Serge ya gaje shi, ya sayi jaridar Le Figaro a 2004, ya kuma zauna a majalisar dattawa. Serge ya mutu a 2018, amma har yau mafi yawan jarin kamfanin yana hannun zuriyarsu.

To, su wa ke saye? Da Mirage Isra'ila ta ragargaza jiragen Masar a 1967. A 1970 Libiya ta ƙulla cinikin guda 110. Iraƙi ta yi amfani da Mirage F1 a yaƙinta da Iran, Musulmi na kashe Musulmi. Masar da Ƙatar sun sayi Rafale a 2015, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa ta sayi 80 a 2021. Hatta Alpha Jet na sojojin saman Nijeriya da hannun wannan kamfani a ƙirarsa. Ko wane ɓangare ya faɗi, gidan bai yi asara ba.

Abin lura shi ne, mai saye ba ya da 'yanci. A 1967 Shugaba De Gaulle ya hana Isra'ila Mirage 50 da ta yi ciniki a kansu, ita kuwa ta duƙufa har ta ƙera nata. Mu fa, in aka hana mu kayan gyara, ina za mu dosa? Zanen aro ba ya rufe katara.

Don haka muna kira ga iyaye da malamai da mawadata da su ɗauki ilimin lissafi da na ƙere-ƙere da muhimmanci, su raini sana'ar da jika zai gada. Al'ummar da ba ta ƙira, tilas ta bi sharaɗin mai ƙira.

Allah Ya ganar da mu, amin.