Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Bishop Oliver Dashe Doeme: Ruwan Alau Ya Janye, Hidima Ba Ta Ƙare Ba

Ranka ya daɗe, Baba Bishop,

Na rubuto a fili ne saboda maganar ta wuce gidan Katolika. Ta shafi 'yan'uwanmu na EYN da COCIN da ECWA, ta kuma shafi maƙwabtanmu Musulmi da ruwa ya ci tare da mu.

Kai ganau ne, ba sai an ba ka labarin wayewar garin Talata, 10 ga Satumba 2024 ba, lokacin da madatsar ruwa ta Alau ta ɓalle, kogin Ngadda ya shigo Maiduguri mutane suna barci. Ruwa ya shiga Gwange da Gamboru da fadar Shehu da Asibitin Koyarwa na Jami'ar Maiduguri, bai bar babbar majami'armu ta St. Patrick ba. Katangar gidan yari ta faɗi, kadoji da macizai na gidan namun daji suka biyo ruwa cikin unguwanni. Mutum sama da 400,000 suka rasa wurin kwana, har aka sake buɗe sansanin Bakassi da aka rufe tun 2021. Kafin mutane su gama kwashe laka, kwalara ta ɓarke a watan Oktoba. A cikin waɗannan kwanaki ikilisiya ta yi abin da ya kamace ta: ta ba da mafaka, ta ciyar, ta nemo taimako daga nesa. Allah ya saka maka da waɗanda suka yi aikin da kai.

Abin da ya dame ni shi ne abin da ya biyo baya, bayan motocin agaji sun rage zuwa kuma 'yan jarida sun koma wani labarin.

Baba, ka fi kowa sanin su wane ne ke cika bencinan majami'unmu a Maiduguri. Da yawansu mutanen Gwoza ne da Pulka da Madagali da Michika, waɗanda suka tsere da kayan jikinsu a 2014. Shekara goma suka yi suna haɗa rayuwa a hankali: ɗakin haya ɗaya, katifa, keken ɗinki da aka saya da kuɗin adashi, injin markaɗe da gwauruwa ke biyan kuɗin makarantar marayu da shi. Dare ɗaya ya kwashe wannan duka. Ka shiga irin waɗannan ɗakuna, za ka ga layin da ruwa ya bari a jikin bango, wani wurin ya wuce kan mutum. Za ka ga keken ɗinki a lungu ya yi tsatsa, ƙafarsa ba ta motsi. Za a ɗauko maka leda, a ciki takardar gama makaranta da katin baftisma da takardar aure sun manne wuri ɗaya, tawada ta narke, ba a iya karanta ko suna. Mai wannan leda ba ta cikin sansani, don haka a lissafi ta koma gida. Amma gidan na wani ne, kuma mai gidan ya gyara ya ƙara kuɗin haya.

Haka 'yan Kasuwar Monday. Wuta ta cinye ta a Fabrairun 2023, aka sake ginawa, mutane suka ci bashi suka zuba kaya, sai ga ruwa. Ɗan kasuwar da buhunan wakensa suka tsiro a shago, bashin yana nan a wuyansa, wanda ya ba shi kayan ma yana da nasa masu binsa.

Buhun shinkafa yana ƙarewa cikin wata guda. Waɗannan mutane jari suke bukata, da wanda zai tsaya musu wajen mai bin bashi, da wanda zai raka su a sake fitar musu da takardunsu. Roƙona na farko ke nan: kowace majami'a ta riƙe littafi na waɗanda har yau ba su miƙe ba, da sana'ar da suka rasa, da abin da zai mayar da su kanta. Ba a bukatar ƙwararru daga waje don wannan. Zumuntar Mata sun san wadda ta daina zuwa taro saboda ba ta da zanen fita, katikis ya san yaron da bai koma aji ba. A ware baiko na musamman lokaci-lokaci, a riƙa karanta wa jama'a abin da ya shigo da inda ya tafi. Nehemiya, kafin ya ɗora dutse ɗaya a garun Urushalima, sai da ya zaga da dare ya ga ɓarnar da idonsa. Ana tsakiyar gini kuma ya tsaya ya tsawata wa manyan da ke karɓe gonakin talakawa saboda bashi. Ina fata mu karanta wannan sura ta biyar ta littafin Nehemiya a majami'unmu, domin akwai masu gidajen haya da masu ba da bashi a cikinmu, suna zaune benci ɗaya da waɗanda suke bi.

Littafin nan kuma kada ya tsaya a kan masu katin baftisma. A ranar ruwa, wanda ya miƙo hannu daga kwalekwale bai tambayi sunan kowa ba, sojoji da samarin unguwa sun ɗauki tsofaffi a baya ba tare da sanin inda suke ibada ba. A garin da aka yi shekaru ana ƙoƙarin raba mu da bindiga da bam, wannan abu ne mai tsada, bai kamata mu bar shi ya tafi da ruwan ba. Idan majami'a ta gyara rijiyar burtsatse, ta zama ta unguwa.

Akwai kuma maganar wa'azi. Na ji masu cewa ambaliyar hukunci ce saboda zunubin gari, kuma irin wannan magana tana fitowa daga bakin masu bi. Ina roƙonka ka tsawata. Da aka zo kan mutum 18 da hasumiyar Siluwam ta faɗa wa, Ubangijinmu bai yarda cewa sun fi sauran mutanen Urushalima laifi ba. Uwar da ruwa ya fizge wa yaro daga hannu tana ɗauke da abin da ya ishe ta. Ta samu wanda zai zauna kusa da ita, ya saurare ta, ya yi addu'a da ita, ya dawo mako mai zuwa. Dayosis ɗinka ya daɗe yana jinyar zukatan matan da Boko Haram ta kashe wa maza. A buɗe wannan ƙofa ga waɗanda har yanzu ba sa iya barci idan hadari ya haɗu.

Danganta komai ga hukuncin Allah yana da wata illar kuma: yana sauke nauyi daga kan mutane. An gama madatsar Alau a 1986. Ta riga ta cika garin da ruwa a 1994. Shekara 30 ke nan tsakanin gargaɗi da maimaici, kuma gyaran madatsa da yashe magudanai aikin hannun ɗan Adam ne. A 2025 Gwamnatin Tarayya ta amince da naira biliyan 80 don sake gina ta. Talakan Gwange ba shi da bakin tambayar inda aikin ya kai, amma kai kana da shi. Ka haɗa kai da shugabannin CAN na jiha da malaman Musulunci, ku je Alau ku gani da idonku, ku nemi a riƙa faɗa wa jama'a gaskiyar matakin aikin kafin kowace damina. Wannan ba siyasa ba ce, aikin makiyayi ne wanda tumakinsa ke kwana a ƙasan madatsa.

Mu ma mu gyara namu. Kowace majami'a da ke kwari ta san tudun da jama'arta za su nufa, da wanda zai buga ƙararrawa cikin dare, da samarin da za su ɗauko tsofaffi da guragu. A sa matasa su yashe kwalbatin unguwa tare da matasan masallaci kafin ruwan farko. Begen da muke wa'azinsa ya ginu a kan Almasihu da ya tashi daga matattu, shi ya sa ba ma yarda cewa gwauruwar da aka kora sau biyu ta gama yawo. Ina roƙonka ka sa ranar da za a buɗe littafin nan a kowace majami'a, ka kuma sanar da ita daga bagade da bakinka.

Allah ya ƙara maka lafiya da ƙarfin hidima.

Naka cikin Almasihu,
Ɗaya daga cikin 'ya'yanka na Maiduguri